Rigar gudu a lokacin hunturu: me ya sa take jiƙa ni daga ciki?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Ringim. Ina shirin neman aikin soja, shi ya sa kullum bayan sallar asuba nakan yi gudu daga garinmu zuwa bakin kwalta in dawo, kamar kilomita 6. Da sanyi ya shigo sai na shiga Kano na sayo jaket a wajen 'yan gwanjo, mai santsi, mai kayan ya ce ko ruwan sama ba ya ratsa ta. To kafin in yi rabin hanya cikinta ya jiƙe sharkaf, singiletina ta manne mini a baya, in na tsaya kuma sanyi ya rufe ni har haƙorana na haɗuwa. Abokina ya ce ai haka ake so, wai gumin ne ke narkar da kitse. Shin jabu aka sayar mini, ko akwai wadda ake yi musamman don gudu?

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ba da sa'ar abin da ake nema. Mai gwanjo bai cuce ka ba. Da gaske ruwa ba ya ratsa ta, kuma matsalar ke nan: abin da ya tare ruwan sama daga waje shi ya tare guminka daga ciki. Rigar ruwa ka saya, ba rigar gudu ba.

Ka leƙa randar da ke tsakar gidanku. Ruwanta na yin sanyi ne saboda ƙasar da aka gina ta da ita tana da ƙofofi ƙanana. Ruwa na tsatsafowa ta jikinta, iska ta busar da shi, shi kuma ya tafi da zafin. Zuba ruwan nan a jarkar roba ka ajiye kusa da randar, zuwa azahar ya yi ɗumi. Da wannan dabarar ce marigayi Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa da ke Dutse, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana tumatir da yalo, har ya ci lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Jikin mai gudu randa ne. Wajen kashi uku cikin huɗu na ƙarfin da naman jiki ke ƙonawa zafi yake komawa, kuma babbar hanyar fitar da shi ita ce gumi ya bushe a kan fata. Gumin da ya kwarara ya taru a ƙugun wando bai sanyaya komai ba, asararsa aka yi. Kai kuwa ka ɗauki randa ka naɗe ta da leda.

Sanyin da ke kama ka in ka tsaya, rabin laifin na singiletin ne. Auduga zare ce mai son ruwa, tana tsotse shi har cikin jikin zaren ta riƙe. Ko a busasshiyarta tana ɗauke da laimar da ta kai kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na nauyinta, alhali poliyesta ba ta kai ko kashi 1 ba, nailan kuma wajen kashi 4. Ruwa kuwa ya fi iska saurin janye zafi da kusan ninki 25. Muddin kana gudu jiki na hura wuta, ba za ka ji ba. Da ka tsaya wutar ta lafa, sai jiƙaƙƙen ƙyallen ya ci gaba da zuƙe ɗuminka, ga iskar arewa na kaɗawa. Ina faɗin haka da ɗan nauyin baki, don ƙasarmu ƙasar auduga ce, kuma a zaman rana babu yadin da ya kai ta daɗi a fata. Amma wajen gudu da asuba ba ta da amana.

Saboda haka gyaran farko ba a jaket yake ba, a rigar ciki yake. Jesin ƙwallo ta poliyesta, irin wadda ake shanyawa a kowace kasuwar ƙauye, ta fi singiletinka nesa ba kusa ba. Zarenta ba ya shan ruwa, sai dai gumin ya bi ta tsakanin zare da zare ya bazu a faɗin rigar, kamar yadda kananzir ke hawa lagwanin fitila, nan da nan ya bushe. Yaduddukan kayan wasanni irin su Coolmax da kamfanin DuPont ya fitar a 1986 da Dri-FIT na Nike duk a kan wannan aka gina su. A Coolmax zaren ma ba kewayayye ba ne, an yi masa 'yan kwaruruka a tsawonsa don ruwan ya sami hanya. Aibin poliyesta ɗaya: tana riƙe maiƙon jiki, ta fi auduga saurin yin tsami.

Ita kuwa rigar sama, iri uku za ka tarar a tulin gwanjo, kuma a ido duk kusan ɗaya suke.

Akwai irin taka, yadin da aka shafe cikinsa da roba mai kauri. Wannan ta ɗan acaɓa ce da mai gadi.

Akwai masu tsada, waɗanda ake cewa suna hana ruwa amma suna numfashi. Uwarsu ita ce Gore-Tex. A 1969 wani injiniya Ba'amurke, Bob Gore, ya fizgi zazzafan sandar roba irin wadda ake shafa wa tukwanen da abinci ba ya kamawa, maimakon ta tsinke sai ta miƙe ta zama fatar da galibinta iska ce. Kamfanin da ke yin Gore-Tex na cewa a kowane inci murabba'i akwai ƙofofi wajen biliyan 9, kowace ta gaza ɗigon ruwa da ninki 20,000 amma ta fi ƙwayar tururi girma da ninki 700. Ɗigo ba ya shiga, tururi na fita. Idan ka ga an rubuta 10,000mm ko 10K a jikin riga, ana nufin in aka tsayar da bututu a kan yadin aka cika shi da ruwa, sai tsayin ruwan ya kai mita 10 kafin ya ratsa. Lamba ta biyu da ke biye da ita, mai harafin g, ita ce giram nawa na tururi ke iya fita ta mita murabba'i ɗaya cikin awa 24.

Fasaha ce mai kyau, amma an yi ta ne don masu hawan duwatsu a ƙasashen da ruwan sama ke zuba da sanyin ƙanƙara, inda jiƙewa kan iya kashe mutum. Kuma tana da sharaɗi: tururi ba ya fita sai in waje ya fi ciki bushewa da sanyi. A hunturu sharaɗin ya cika, to amma babu ruwan saman da za ta tare maka. A watan Agusta kuwa, da ruwan yake zuba, iskar kanta cike take da laima, tururin ba shi da inda za shi. Ƙara da cewa mai gudu da ƙarfi kan zubar da lita ɗaya ko fiye a awa guda, abin da ya fi ƙarfin kowace riga mai irin wannan fatar. Wato a Ringim, lokacin da take aiki ba ka buƙatarta, lokacin da kake buƙatarta ba ta aiki sosai. Ni dai ba zan ce ka zuba kuɗinka a nan ba. Da damina, in ba a tsawa da walƙiya, ka yi gudunka da jesi, ka dawo ka canza kaya. In ana walƙiya kuwa ka zauna gida, filin gona ba wurin tsayuwar mutum ba ne.

Ta ukun ita ce wadda ta dace da kai: rigar tare iska. Shara-shara ce, marar shafi, ta nailan ko poliyesta, wadda za ka iya dunƙulewa a tafin hannu ɗaya. Babu roba a cikinta. Matse saƙar aka yi har iska ba ta wucewa sai kaɗan, kuma wannan kaɗan ɗin shi ke kwashe tururi. Abokin gabarka da asuba ba ruwa ba ne, iska ce, wadda ke share siririn ɗumin da ke lulluɓe da fatarka. Sanyin Kano da Jigawa a Disamba da Janairu kan sauko wajen digiri 10 zuwa 14 da safe, kuma a irin wannan mai gudu ba ya buƙatar bargo. Ka fito kana ɗan jin sanyi. Bayan minti 10 jiki zai cike giɓin. In ka fito daga ɗaki kana jin ɗumi daidai, to kayan sun yi yawa.

Ga yadda za ka gane ta a kasuwa, ba sai ka iya karanta Turancin wuyanta ba. Ɗora yadin a bakinka ka hura da ƙarfi, tafin hannunka na ɗaya gefen. In kumatu suka kumbura babu abin da ya wuce, leda ce, ajiye. In iskar ta wuce fuu kamar gidan sauro, ba za ta tare maka komai ba. Wadda kake nema ita ce wadda sai ka matsa kafin ka ji ɗan hucin a tafinka. Sannan ka juya cikinta waje. In ka ga wani farin abu na ɓarewa kamar amosani, ko yana danƙo a yatsa, ko yana wani tsamin wari, robar cikin ta mutu, kuma ba ta gyaruwa. Kayan gwanjo da suka daɗe a dila cikin zafi sun cika yin haka. Ɗaga ta sama wajen haske: in ka ga 'yan layuka masu kauri sun yi gida-gida kamar takardar lissafi, saƙa ce da ke tsayar da yagewa, wadda aka fara amfani da ita a lemar sauka daga jirgi lokacin yaƙin duniya na biyu. A hanyar da ƙaya da karan dawa ke kama mutum, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ka nemi mai zif har ƙasa, mai raga ko tsaga a baya da hamata. Zif ɗin da ka zuge rabi ya fi kowace fasahar yadi fitar da zafi. In kuma tana da layin nan mai ƙyalli da dare, wanda ƙananan duwatsun gilashi ke mayar wa direba hasken fitilarsa, to ka ƙara ɗan abu ka ɗauka. Mai gudu a bakin kwalta cikin hazo da duhun asuba, sanye da baƙaƙen kaya, babu direban da ke ganinsa.

Sai maganar abokinka, wadda ita ta fi tayar mini da hankali. Gumi ba narkakken kitse ba ne, ruwa ne da ɗan gishiri. Kilo ɗayan da ka rage a cikin leda, lita ɗaya ce ta ruwan jikinka, kuma kana shan ruwa ya dawo. Abin da ka ƙara wa kanka shi ne jini ya yi kauri, zuciya ta ƙara bugu, zafin ciki ya hau, ƙoda ta wahala. Tsakanin Nuwamba da Disamban 1997, 'yan kokawa uku na jami'o'in Amurka sun mutu suna ƙoƙarin rage nauyi cikin gaggawa ta hanyar matse gumi da ƙin shan ruwa, kuma bayan haka hukumar wasannin jami'o'in ƙasar ta haramta sa kayan roba wajen atisaye. Matasa ne majiya ƙarfi. A hunturu abin ya fi ruɗi, don sanyi na rage jin ƙishirwa, busasshiyar iska kuma na kwasar ruwa a kowane numfashi. Kada ka kuskura ka ci gaba da wannan ɗabi'a har bazara, ko kana azumi.

Wankin rigar kuwa, ruwan sanyi da ɗan omo kaɗan, a ɗauraye sosai, kada a buga ta a dutse ko a murɗe. Inuwa ake shanya ta, don rana na cin nailan. Dutsen guga na gawayi kada ya kusance ta, haka wutar jin ɗumi: tartsatsi ɗaya ya isa ya huda ta, kuma irin wannan yadi narkewa yake ya manne a fata. In kun zauna bakin wutar kara bayan gudu, ka cire ta ka yafa mayafin auduga.

Wadda ka riga ka saya kada ka yar. Rataye ta a ɗaki, kana dawowa ka tuɓe jiƙaƙƙiyar jesi, ka goge jiki, ka sa busasshiyar riga ka ɗora ta a kai har jikinka ya daidaita. In damina ta faɗi kuma, ita za ka sa a kan babur ranar kasuwa.