Tambaya da Amsa: Ni bahago ne, in ba kafinta ya ƙera min jitar bes?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Ni ɗalibi ne a nan Samaru, mu biyar ne muka haɗa ƙungiyar kiɗa, amma ba waƙar kanmu muke yi ba, waƙoƙin Bob Marley da The Wailers kawai muke kaɗawa yadda suka yi su, har shigar ma irin tasu muke yi, kuma ni ne mai bes. Matsalata ni bahago ne. Wadda nake kaɗawa yanzu aro ce wurin wani abokina da ke kiɗa a coci a Sabon Gari, ta dama ce, juya ta nake yi, kullum hannuna yana gogar maɓallan sauti yana rage min murya a tsakiyar waƙa. Na duba nan Zariya, na duba Kaduna, na sa an tambayo min a kasuwar Alaba ta Legas, ta bahago in an samu ma kuɗin ya fi ƙarfina. To akwai wani kafinta a Tudun Wada, gwani ne wallahi, gado da durowa yake yi kamar na kamfani, ya ce in kawo masa hoto kawai zai yi min irin ta Family Man, wato Aston Barrett mai bes na The Wailers, sak har da rubutun sunan kamfanin Fender a kai. Muna da wasa ranar 11 ga Mayu, ranar da Marley ya rasu. Don Allah in ba shi aikin ko kuwa?

Daga mai karatu, Samaru, Zariya

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ba shi, amma rabin aikin zaka ba shi. Jikin jitar ya ƙera, wuyan kuma kada ya taɓa, kuma wannan ba raini ba ne ga gwanintarsa ko kaɗan.

Bari in faɗa maka dalili. Tsirkiya huɗu ta bes in an ɗaure su sun kai murya, jan da suke yi wa wuyan nan ya haura kilo 70, dare da rana, ko kana kaɗawa ko tana jingine a bango. Shi ya sa ake binne sandar ƙarfe a cikin wuyan tun daga sama har ƙasa, wadda ake murzawa da alanki a miƙar da shi in ya fara sunkuyawa. In babu ita, ko an sa ta ba daidai ba, wata kaɗan zaka ga wuya ya lanƙwashe kamar baka, tsirkiya ta yi sama har yatsa ba ya iya danne ta. Sannan ga ƙarafunan nan da ke kwance a kan wuya, firet, kowanne da lissafinsa. Irin bes ɗin da kake so tsawon tsirkiyarta inci 34 ne daga sama zuwa inda take zama a ƙasa, firet na 12 dole ya faɗo a tsakiya cif, inci 17, na farko kuma wajen milimita 48 da rabi daga sama, daga nan tazarar tana ta raguwa da ƙa'ida, ana raba abin da ya rage da 17.817 kowane mataki. A gado in aka yi kuskuren milimita biyu babu mai sani, a nan kuwa kuskuren milimita ɗaya kunne zai ji shi, kuma ba ya gyaruwa da murɗa kunnen jita, zaka saita murya ta yi daidai in ba a danna tsirkiya ba, kana dannawa ta kauce, mai kibod ya riƙa juyowa yana kallonka. Hoto ba ya nuna wa mutum waɗannan abubuwan.

To me zaka yi? Ka nemi tsohuwar bes ta dama, ta hannu, mai siffar Jazz Bass, ko wane kamfani ne ya yi ta, irinsu suna da yawa don tun 1960 da Fender ya fito da wannan siffar ake ta kwaikwayonta. Ko jikinta ya sha duka, ko fenti ya ɓare, ba ruwanka, wuyan kake saye. Wajen dubawa ka ɗaga ta ka sa ido daga kai ka hango har ƙasa, in ka ga wuyan ya murɗe gefe ɗaya ya fi ɗaya tashi, ajiye musu kayansu, wannan ba ya jin magani. Ka danne babbar tsirkiya a firet na farko da na ƙarshe lokaci ɗaya, ka leƙa wajen na 7 ko na 8, ɗan sararin da ke tsakani kada ya kai kaurin katin ATM, kamar rabinsa ne daidai. Sannan ka roƙi mai ita ya sa alanki ya ɗan murza sandar nan kwata ɗin zagaye a gabanka ka tabbatar tana motsi, don da yawa an ƙure su ko bakin ya cinye.

In ka same ta, noti huɗu ne kawai suka riƙe wuya da jiki. A kwance su. Kunnuwan ɗaurin tsirkiya, birij ɗin ƙasa inda tsirkiya take zama, fikof guda biyu masu ɗaukar sauti, duk ka samu a kuɗi ɗaya. Tsohon jikin kuma shi ne ma'aunin kafintanka, ya kwantar da shi a kan filawud ya zana, ya yanke, sai ya kifa filawud ɗin, shi kenan ga siffar bahago ta fito. Wannan aikin kam zai iya, ƙila ma ya fi na kamfanin da ya yi tsohuwar kyau.

Amma ka zauna kusa da shi ranar da zai fafe gurbin wuya. Zurfinsa wajen milimita 16 ne, kuma so ake wuya ya shiga ya zauna daram, ko takarda kada ta samu wurin shiga ta gefe. Kafin ya huda ramin birij ko ɗaya, ku ɗaura zare biyu a madadin tsirkiya ta farko da ta ƙarshe, ku ja su har ƙasa ku ga ko tazarar da ke tsakanin kowane zare da bakin wuya ta zo ɗaya hagu da dama, sannan ku auna inci 17 daga firet na 12 zuwa inda siririyar tsirkiya za ta zauna, a bar wa masu kaurin ɗan wurin ja baya. A auna, a sake aunawa, sannan a ɗauko diril.

Wuyan dama a jikin hagu yana da ƙananan gyare-gyare guda biyu. Ɗan farin abin nan na sama da tsirkiyoyi ke bi ta cikinsa, ramukansa sun juye, babbar ba za ta shiga ramin ƙaramar ba, sai an yi sabo, kuma ƙashin ƙafar saniya da aka dafa aka cire maiƙo ya bushe sarai yana yi, a goge da fayil a hankali. Na biyu ɗigo-ɗigon gefen wuya da kake gane inda kake da su za su koma ƙasa inda ba ka gani, sai a yi maka sababbi a ɗaya gefen, a 3, 5, 7, 9, biyu a 12, haka har ƙasa. Kan jitar zai kalli ƙasa, kunnuwa su koma ta ƙasa, wannan bai hana komai ba, kwana biyu ka saba. Kuma ba kai ka fara shan wannan wahalar ba, Paul McCartney mai bes na The Beatles ma bahago ne, a 1961 a Hambag ta Jamus ya ɗauki Höfner mai siffar goge irin na Turawa saboda gefenta biyu iri ɗaya ne, ko an juya ba ta yin wani iri.

Yanzu katako, kuma nan ne na fi jin tsoro saboda garinmu. Zariya a watan Agusta komai ya jiƙe, ƙofa ma kumbura take ta ƙi rufuwa, in hunturu ya kankama kuma danshin iska yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, leɓe ya tsage, katako ma ya tsage. Katakon da ake sauke wa a kasuwa daga kudu yawanci da ruwansa yake zuwa, a ido ya bushe amma cikinsa ɗanye ne, in aka yi maka jiki da shi aka shafe da fenti, zuwa Janairu gurbin wuyan nan da kuka sha wahala a kai ya saki, ko ka tashi da safe ka ga tsaga tun daga birij. Masu busar da katako a inuwa suna ƙiyasta shekara guda ga kowane inci na kauri, jikin bes kuwa inci ɗaya da kwata uku ne, kaga ba abin da zaka jira ba ne kafin Mayu. Don haka tsohon katako zaka nema, tsohuwar ƙofa mai kauri, saman tebur, gadon da aka daina kwana a kai, wanda ya sha hunturu da damina har ya gaji da motsi. In an haɗa gida biyu da gam mai kyau babu laifi, kamfanoni ma haka suke yi. Maɗaci yana da kyau, ɗan gidan mahogani ne kuma yana karɓar banish, sai dai nauyi, ka ɗaga ka ji, jitar gaba ɗaya kada ta wuce kilo huɗu da rabi in ba haka ba kafaɗarka ce za ta biya bayan awa biyu a tsaye. Obeche ba nauyi amma laushi ya yi masa yawa, noti yana zarewa, kuma wuya ya riƙa rinjaya ƙasa.

Maganar rubutun Fender kuwa, ban yarda ba. Ba su suka yi ba, kuma wata rana za ta bar hannunka, wani yaro ya tara kuɗinsa ya saya a kan ta asali ce. Kafintan ya sa sunansa, aikinsa ne, in ta yi kyau ai shi ya kamata a nema.

Sannan ƙanena, mutanen da za su zo ranar nan ba kan jita za su leƙa ba, ƙirjinsu ne zai gaya musu ko kun yi ko ba ku yi ba. Aston Barrett, Allah ya ɗauke shi a Fabrairun 2024, Jazz Bass ya fi riƙewa gaskiya ne, amma muryar nan mai kauri da taushi daga tsirkiya mai santsi take fitowa, wadda ba ta da kaushi in ka shafa, da rage kaifin sauti har ƙasa, da kaɗawa kusa da wuya da tsokar yatsa, da kuma sanin inda ake yin shiru a bar ganga ta yi magana. Babbar tsirkiya tana kaɗawa wajen sau 41 a daƙiƙa, ƙaramar sifika ba ta iya fito da wannan, ko haya ne ku nemo mai inci 15. Ni da za a ce in zaɓa, in rage kuɗin fenti in sayi tsirkiya mai santsi, tana da tsada amma tana shekaru ba a canza ba.

Wayoyin ciki ka kai wa mai gyaran amfilifaya, ya shimfiɗa takardar tagulla a ramukan, ya tabbatar akwai waya da ta taɓa birij, don fikof irin na Jazz yana kwaso ƙugin wuta musamman in ana kan janareta, in ka buɗe su biyun daidai wa daida ƙugin yana raguwa sosai. Kuɗi kuma kada ka biya duka a tashi ɗaya, kafin alƙalami na katako, wani in wuya ya zauna, ciko in ka sa tsirkiya ka ji da kunnenka, a rubuta da shaida. Ku yi niyyar gamawa a Maris, don sabuwar jita tana buƙatar makonni ana saita ta kafin ta nutsu.

TAMBAYA

Malam ina wuni. Ina koyon bes a cocinmu a Wusasa, amma hannuna ƙarami ne, in na miƙa zuwa firet na farko wuyan hannuna ciwo yake. Sai an ƙera min tawa daban?

Daga wata mai karatu, Wusasa

AMSA

Lafiya lau 'yar'uwa, sannu da himma. Ba sai an ƙera ba, akwai masu gajeren wuya, inci 30 maimakon 34, ki ce a nemo miki ita, kuma in za ki sayi tsirkiya ki faɗa musu ta gajeriyar ce. Kafin nan ki ɗan ɗaga kan jitar sama, ki rage tsawon maɗaurin kafaɗa, babban yatsa ya zauna a bayan wuya kada ya leƙo ta sama, kuma a can sama ki yi amfani da manuni da ƙaramin yatsa su raba firet uku, ba dole kowane yatsa ya ɗauki firet ɗaya ba. In ciwon bai daina ba bayan haka, ki huta ki je asibiti a duba hannun.