Ganyen inabin maskadin ɗina ya murɗe, furen duk ya zube, wane magani zan fesa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum malam. Dan Allah a taimaka min hankalina a tashe yake. Muna zaune a jihar Jojiya a Amurka, mun samu kurangar inabin maskadin (wani irin inabi ne na yankin nan) guda biyu a bayan gidan da muka saya, bara sunyi 'ya'ya sosai har makwabta muka rabawa. Bana tun watan Mayu sabbin ganyen suka fara fitowa ƙanana a murɗe, furen ma yawanci ya zube. Maigidana ya watsa takin ciyawar tsakar gida mai haɗe da maganin ciyawa amma yace bai taɓa inabin ba sam. A guruf ɗinmu na WhatsApp wata tace cuta ce in haɗa maganin ƙwari da na fumfuna in fesa duk sati, wata kuma tace in ƙara taki. Wanne zanyi? Kuma ɗan 'ya'yan da ya kama, yara zasu iya ci?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki ajiye famfon feshin nan tukuna, kar ki fesa komai kuma kar ki ƙara taki. Daga bayaninki wannan ba cuta bace, maganin ciyawa ne ya bugi inabin. Ki je ki duba ganyen da kyau, in kinga ya tsuke ya ƙanƙance, jijiyoyinsa sun jeru tsaye kusa da juna maimakon su bazu, bakinsa yayi tsini-tsini, reshen kuma yana tafiya a karkace, alhali tsofaffin ganyen da suka riga suka girma lafiyarsu lau, to magana ta ƙare. Cututtukan maskadin tabo suke yi a ganye ko su ruɓar da 'ya'ya, basa sauya wa ganye kamanni haka.

Maganar maigida cewa bai taɓa inabin ba, na yarda dashi, kuma nan ne matsalar take domin kusan kullum sai naji wannan maganar, wai ai maganin ciyawa ciyawa kawai yake kashewa, in dai baka zuba shi akan shuka ba to ba ruwanta. Wallahi wannan fahimtar ta kashe kurangar inabi fiye da duk wata cuta da na sani a lambunan gida. Ki ɗauko buhun ki karanta ƙananan rubutun baya, irin wanda ake rubuta "weed and feed" a jiki, mafi yawansu zaki ga sunayen magungunan ciyawa 2,4-D da dicamba da mecoprop. An haɗa su ne dan su bar dangin ciyawa mai siririn ganye su kashe duk mai faɗin ganye, maganin bai san wannan hakin banza ne wannan kuma inabin Hajiya bane. Yadda yake aiki shine yana kwaikwayon sinadarin da shuka ke girma dashi, sai ta rikice tayi ta girma ba tsari, shi yasa sabon toho ne yake fara nunawa. Inabi kuwa yana cikin shukokin da suka fi kowa rashin jure shi, kashi ɗaya cikin 100 na abinda ake fesa wa ciyawa ya isa ya murɗe masa ganye. Duk wanda ya taso a wajen noman shinkafa a gida ya san wannan, mai shinkafa ya fesa 2,4-D da iska sai kaga tumatir ko audugar gonar kusa ta lanƙwashe.

Kuma ba sai an fesa kai tsaye ba. Iska tana ɗaukar feshin. Irin 2,4-D ɗin da ake kira esta, bayan an gama feshi an tafi, in rana tayi zafi ta haura digiri 85 a ma'aunin Amurka, wato wajen 29 a namu, tururi yake yi ya tashi ya sauka inda ba'a aike shi ba, kinsan kuwa zafin Jojiya daga Mayu. Sannan abinda mutane basa lura dashi, saiwar maskadin ba zurfi take yi ba, a sama-sama take bazuwa tayi nisa har ƙarƙashin ciyawar da ake watsa wa maganin, dicamba kuma ta ƙasa ma yana shiga, ruwan sama ɗaya ya kai shi ga saiwar. Wasu kuma su yanke ciyawar da aka yi wa magani su tara a gindin inabi wai dan riƙe danshi. Wasu su sayo takin doki ko na shanu da suka ci harawar da aka fesa wa maganin ciyawa na aminopyralid, wanda yake wucewa ta cikin dabba ya zauna a takin wata da watanni. Wasu famfo ɗaya garesu, yau maganin ciyawa gobe maganin fumfuna, ɗauraya ɗaya basa ganin komai, to ragowar da ta maƙale a robar da tiyo ta isa. Famfon ciyawa daban, ki rubuta a jikinsa, kar ya sake kusantar inabi. In ma kamfanin gyaran ciyawa ne ke zuwa wa makwabtanku, kije da sallama kiyi musu magana su sanar daku ranar feshi kuma a guji ranar iska, haƙƙin makwabtaka ne, kuma ku ma haka ya hau kanku game da lambunsu.

Ita kuwa wadda tace ki cakuɗa magunguna ki fesa duk sati, abin nan yana ɓata min rai matuƙa. Mutum bai ga shuka ba, bai tambayi me aka watsa ba, kawai ya rubuta haɗi a guruf mutum 200 su karanta. Maskadin ɗan ƙasar nan ne, a dazukan kudu maso gabashin Amurka ya samo asali, akwai kurangar da ke tsibirin Roanoke a Karolina ta Arewa da ake ƙiyasta ta kai shekara 400 kuma har yanzu tana 'ya'ya. Cutar Pierce da take hana sauran inabi zama a kudu shi yana jure mata, shi yasa masu lambun gida da yawa basa masa feshi ko kaɗan. Maganin ƙwari lokacin fure kashe ƙananan ƙudan zuman da ke masa barbara zaki yi, ki ƙara rasa 'ya'yan. Ƙarin taki kuma tura shi zai yi ya fitar da sabon toho mai laushi, wanda shine dai maganin ya fi kamawa, sannan reshen bazai ƙosa ba kafin sanyi.

Ba wani magani da ke warkar da wannan, lokaci ne kawai. Ki dinga bashi ruwa in anyi sati ba ruwan sama, ki kwashe duk yankakkiyar ciyawa daga gindinsa, ki cire haki da hannu kar ki sa fartanya da zurfi ki datse saiwa. In bugun bai yi tsanani ba zaki ga ganyen da zasu fito nan gaba sun dawo daidai, wani lokaci kuma alamar tana sake leƙowa a tohon baɗi, kar ki tsorata ki sare shi. Ki ɗauki hoto da reshe ɗaya da buhun maganin ki kai ofishin malaman gona na gundumarku wanda ke ƙarƙashin Jami'ar Jojiya, su tabbatar miki da ido, a nan ma zaki iya bada ƙasa a gwada. Maganar ko yara zasu iya ci kuma ki tambayi malaman gonar da buhun a hannu, amma duk 'ya'yan da kika san feshi ya sauka a kansu kai tsaye ki zubar.

Zubewar fure tana da wani dalilin, wasu irin mata ne zalla kamar Fry da Supreme da Scuppernong, sai da mai barbarar kansa a kusa irin Carlos ko Noble ko Cowart. Tunda bara kin samu 'ya'ya da yawa ba naki bane wannan, sai dai in an sare wata kurangar a makwabta.

Abinda nake so ki shirya masa shine aski a watan Fabrairu yana barci. A sabon reshen da ya fito daga itacen bara yake 'ya'ya, dan haka kowane reshen bana ki datse shi ki bar ido 2 ko 3 a jikin babban hannun kurangar da ke kan waya, ki kuma cire 'yan igiyoyin da yake naɗewa dasu in sun zagaye hannun, shaƙe shi suke yi har ya bushe. Zaki ga ruwa na ɗiga daga wurin yankan, baya cutar dashi.

Ɗan abinda ya tsira kuma daga Agusta zuwa Satumba zai nuna, ba lokaci ɗaya ba, ɗai-ɗai ake tsinka ba zangarniya guda ba. Wanda ya nuna yana ɗan laushi kuma da kin taɓa zai faɗo hannunki, in sai kin ja to ki barshi dan baya ƙara zaƙi bayan an cire. Ki dinga zagayawa duk bayan kwana 2 ko 3, ki kwashe wanda ya faɗi ƙasa saboda rina da zanzaro, in tsuntsaye sun matsa ki rufa raga. Kar ki wanke sai zaku ci, ki sa a firji, wanda bakinsa ya yage a wajen tsinka ku fara cinye shi dan shi yake fara lalacewa.