Tambaya da Amsa: Me ke kai manoman ƙasashen sanyi kwana a gona suna kunna wuta?

Jama'a barkanmu da warhaka. Wannan karon tambayoyin da suka shigo kusan duk a wuri ɗaya suka tsaya, wato sanyin nan da ke dawo wa manoman Turai da Amurka bayan kowa ya ɗauka hunturu ya tafi, dan haka na haɗa su na amsa lokaci guda. Kafin nan bari in cire wani ruɗani, masu fassara suna kiran lokacin da bazara, amma ba bazarar zafi ba ce, lokaci ne na fita daga hunturu daga Maris zuwa Mayu, itatuwa na toho, ciyawa na tsirowa, dabbobi na haihuwa.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Na ga wani bidiyo a waya, wai gonar inabi ce a Faransa, cikin tsakar dare an jera wuta layi layi har iya ganinka, mutane cikin manyan rigunan sanyi suna ta zagayawa. Ƙona gonar suke yi ne ko wani biki ne nasu?

AMSA: Ɗan'uwa ba biki ba ne wallahi, in ka ga fuskokinsu kusa za ka gane ba mai farin ciki a wajen. Abin da ka gani kyandir ne, amma ba siririn nan ba, gwangwani ne kamar ƙaramin bokiti cike da kakin farafin, ɗaya yakan kai wajen awa 8 yana ci, kuma hekta ɗaya tana cin ɗaruruwansu. Duk wahalar nan fa dan a ɗaga ɗumin iskar da ke kewaye da tohon ne da digiri 2 ko 3 kawai, amma wani lokacin digiri biyun nan su ne tsakanin a yi girbi da a tashi a tutar babu.

Yadda abin yake shine da rana ƙasa tana shan zafin rana, da dare sai ta riƙa sakinsa sama. In akwai gajimare sai ya zama kamar bargo ya tare zafin. To daren da manomi ke tsoro shine daren da sama ta yi tas, taurari ɓaro-ɓaro, ba iska ko kaɗan, iskar kuma a bushe. A irin wannan daren zafin ƙasa guduwa yake ba mai tare shi, sai ganye da fure su yi ta hucewa har ruwan cikinsu ya daskare, kuma mafi munin lokaci shine dab da fitowar rana. Shi ya sa za ka ji manomi ya saita ƙararrawa a waya ta haɗu da ma'aunin da ya kafa a gona, ƙarfe biyu ko uku na dare ta buga, a tashi mai gida da matarsa da yara manya har maƙwabta, kowa da abin kunna wuta a hannu ana bin layi ɗaya bayan ɗaya, a yi haka dare uku ko huɗu a jere sannan gari ya waye a kama aikin yini kamar an yi barci.

Inaga bidiyon da ka gani na Afrilun 2021 ne ko makamancinsa, dan a shekarar ne hotunan suka fi yawo. Daga 6 zuwa 8 ga wata sanyi ya sauka a kusan duk yankunan noman inabi da 'ya'yan itatuwa na Faransa, har ministan noma na lokacin Julien Denormandie ya ce mai yiwuwa ita ce masifar noma mafi girma a farkon wannan ƙarnin, firaminista Jean Castex kuma ya sanar da tallafin yuro biliyan 1. Kuɗi ne masu yawa ba shakka amma ga wanda furensa ya riga ya baƙe ihu ne bayan hari, itace ba ya sake fure dan an turo kuɗi.

TAMBAYA: Malam ni abin da ya ɗaure min kai, ɗalibi ne ni ina karatu a ƙasar sanyi, na ga itatuwan tuffa sun sha sanyin digiri 15 ƙasa da sifili a Janairu ba abin da ya same su, amma a Afrilu ɗan digiri 3 ƙasa da sifili aka yi sai na ji ana ta kukan an yi asara. Ya aka yi ƙaramin ya fi babban ɓarna?

AMSA: Yawwa ɗana, kai ka taɓo ainihin wajen, dan ni a ganina duk labarin nan ba na tsananin sanyi ba ne, na lokaci ne. A hunturu itacen barci yake. Ya zubar da ganye, tohon yana ƙunshe cikin ɓawo mai tauri, ruwan da ke cikinsa kaɗan ne kuma ya yi kauri da sukari, dan haka ko an kai digiri 20 ƙasa da sifili tuffa ba ta damu ba. Amma da zarar ɗumi ya zo ta farka, ruwa ya hau jiki, toho ya kumbura ya fashe, fure ya buɗe, to daga nan kowane mataki juriyarta raguwa take yi. A lokacin da furen tuffa ya buɗe sosai, rabin awa a wajen digiri 2 ƙasa da sifili yana kashe kusan kashi 10 cikin 100, in aka sauka zuwa wajen digiri 4 kuwa kusan kashi 90 ne ke tafiya. Duba fa tazarar, wajen digiri biyu ce kacal.

Kaga kenan babban mugun ba daren sanyin ba ne, kwanakin ɗumi ne da suka riga shi zuwa suka yaudari itacen. A Faransa ɗin ma haka aka yi, ƙarshen Maris 2021 an yi ɗumin da ba a saba gani ba a watan, mutane na yawo da 'yar shara, inabi ya ce to lokaci ya yi ya fito, bayan mako guda sanyi ya dawo ya same shi a tsirara. Haka jihar Mishigan ta Amurka a 2012, Maris ya zo da zafi kamar ana tsakiyar shekara, itatuwa suka yi fure makonni kafin lokacinsu, Afrilu ya zo da sanyinsa na kullum, ba wani na musamman ba, aka rasa wajen kashi 90 na ceri mai tsami, wani ƙaramin ɗan itace ja da jihar ta yi suna a kansa. Shi ya sa tsohon manomi a can in ya ga rana mai daɗi a Maris ba ya murna, 'yan birni na fita shan iska shi kuma gabansa na faɗuwa.

Da safe bayan irin daren nan abin da suke yi shine su tsinko fure su tsaga shi da reza. In cikin kore ne shar to yana da rai, in ya koma ruwan ƙasa ko baƙi to an gama, ko da kuwa daga waje furen na nan fari tas kamar ba abin da ya faru. Amma a nan akwai ɗan sauƙi da mutane ba su sani ba, itacen tuffa yana yin fure fiye da buƙatarsa nesa ba kusa ba, ƙaramin kaso ne kawai ke buƙatar ya zama 'ya'ya a samu cikakken girbi, har ma a shekara mai kyau sai an rage masa da gangan. Dan haka rasa kashi 10 ba komai ba ne, kashi 90 ɗin nan ne ke sa mutum zama a bakin gona ya yi tagumi.

TAMBAYA: Malam na ji wai wasu ruwa suke fesa wa itatuwan har ya zama ƙanƙara a jikinsu dan su kare su daga sanyi. Anya wannan ba shirme ba ne? Ya za a yi maganin sanyi da ƙanƙara?

AMSA: Hajiya nima ranar da na fara ji sai da na yi dariya, amma gaskiya ne kuma yana cikin hanyoyin da suka fi aiki. Ruwa in zai daskare zafi yake saki, kowane giram ɗaya yana sakin wajen kalori 80. To muddin ana ta zuba sabon ruwa yana daskarewa a kan tohon, wajen zai tsaya ne a daidai sifili ba zai sauka ƙasa da haka ba, kuma kin ga sifili bai kai ya kashe fure ba, sai an gangara ƙasa da shi. Ba ƙanƙarar ce ke ba da kariya ba, daskarewar da ake ta yi ce. Matsalar kenan, in kika fara ba tsayawa har rana ta fito ƙanƙarar ta fara narkewa da kanta. Injin ya mutu ƙarfe huɗu na asuba ko ruwa ya ƙare, to an gudu gara an faɗa gidan zago, dan jiƙaƙƙen toho ya fi busasshe saurin hucewa. Ga shi yana shan ruwa ba na wasa ba, ga nauyin ƙanƙara na karya rassa.

Akwai kuma masu kafa fanka, doguwa ce kan ƙarfe mai tsawon wajen mita 10. Dalili shine a daren da ba iska, iskar sanyi ta fi nauyi sai ta kwanta a ƙasa, ta sama da ita kuma ta fi ɗumi da 'yan digiri, fankar sai ta jawo ta saman ta gauraya. A Niyuzilan da wasu wuraren har jirgi mai saukar ungulu ake haya ya yi ta shawagi ƙasa ƙasa a kan gona dan wannan aikin, maƙwabta kuma su kwana ba barci saboda ƙara. Amma in sanyin da iska ya zo, wato guguwar sanyi ce ta taso daga arewa, to sama da ƙasa duk ɗaya ne, fanka ba ta da abin jawowa, ɗumin kyandir kuma iska ta kwashe.

Ni dai in za a tambaye ni, dabarar da ta fi duk waɗannan ita ce wadda ake yi tun ranar dasa itacen. Iskar sanyi gangara take kamar ruwa ta taru a kwari, dan haka gona biyu na maƙwabtaka, ta kan gangare ta tsira ta cikin kwari ta ƙone, kuma katanga ko shinge mai kauri a ƙasan gona na iya tare iskar ta taru kamar dam. Wanda ya dasa a kwari ya sayi wahalar shekara talatin.

TAMBAYA: To Malam masu dabbobi da masu shuka hatsi fa, su ba ruwansu?

AMSA: Da ruwansu mana ɗan'uwa, nasu ma ya fi cin rai dan a hankali yake zuwa. Tunkiya tana ɗaukar ciki wajen kwana 147, makiyayi a Ingila ko Ailan yana lissafi tun kaka dan haihuwa ta faɗo daidai fitowar sabuwar ciyawa. To ciyawa ba ta motsi sai ɗumin ƙasa ya kai digiri 5 zuwa 6. In sanyi ya ja, 'yan raguna sun iso, fili ba komai, ingiricin da aka tara na hunturu ya ƙare, dole a sayo abinci a lokacin da kowa ke nema, uwa kuma in ba ta ƙoshi ba nono ba ya zuwa. Ɗan rago yana faɗowa ne a jiƙe, kitsen jikinsa kaɗan, in iska mai sanyi da ruwa suka same shi kafin ya sha dakashi cikin 'yan awanni sai ka tarar da shi a sandare. Shi ya sa a gidan gona a irin lokacin za ka ga ɗan rago a kwali kusa da murhun kicin an lulluɓe shi da tsumma, ana ɗura masa dakashi da siririn roba.

Masu shuka kuma jira ne ke cin su. Masara tana son ƙasa ta kai wajen digiri 10 kafin ta tsiro, ka yi gaggawa irin ya ruɓe a ƙasa, ka jira da yawa lokaci ya ƙure. Sai dai ita in ta fito tana ƙarama sanyi ya ƙona ganyen takan farfaɗo, dan idon da take girma da shi yana ƙarƙashin ƙasa har ta kai wajen ganye shida. Dankalin turawa ma haka, kan ya yi baƙi amma ya sake tofowa, sai dai girbi ya yi latti. Ga ƙudan zuma, ba sa fita sosai in ba a kai digiri 10 zuwa 12 ba, dan haka ko furen ya tsira in mako ya wuce cikin sanyi ba mai kai masa ziyara. Manoman Jamus da Faransa tun zamanin da suna da kwanakin da suke kira waliyyan ƙanƙara, 11 zuwa 13 ga Mayu, ba sa fitar da tumatir da sauran shuka mara juriya sai sun wuce, har yau masu lambu na bin wannan.

TAMBAYA: Malam ba an ce duniya ɗumama take yi ba? Ai da sai wannan matsalar ta ƙare.

AMSA: Haka hankali zai ba ka, amma koma ka duba amsar da na ba ɗalibin can. Daren sanyi yana raguwa kam, sai dai hunturu mai sauƙi yana tada itatuwa da wuri fiye da da, kuma da wuri ɗin nan dare ya fi tsawo, iskar arewa ba ta gama kai kawo ba. Masu binciken da suka duba sanyin Faransa na 2021 sun ƙiyasta cewa sauyin yanayi ya ƙara yiwuwar irin wannan ɓarnar da kusan kashi 60 cikin 100, ba dan sanyin ya ƙaru ba, dan tohon ya riga shi fitowa. Shi ya sa yanzu wasu masu inabi suke jinkirta sassabe rassan har zuwa Maris ko bayansa dan toho ya makara da mako ɗaya ko biyu, wasu kuma suna canza iri zuwa mai makarar fure.