Virt-manager ya ƙi buɗewa: ko sai an sayi sabuwar kwamfuta?

Wata ɗaliba daga Zariya ta rubuto: "Malam, na sa Ubuntu saboda darasinmu. Duk sanda na buɗe virt-manager, manhajar nan ta gudanar da kwamfutar kwaikwayo a cikin kwamfuta, sai ya nemi kalmar sirri, wani lokacin ma ya ce ya kasa haɗuwa da libvirt. Ga jarrabawa ta matso. Ko laptop ɗin ce ta lalace?"

Kwantar da hankalinki 'yata, lafiyarta ƙalau, kada ki kashe ko sisi. Libvirt, wato manhajar da virt-manager ke dogaro da ita, da ikon root (babban asusu mai cikakken iko) yake aiki, kuma tsarin yana tare duk wanda ba ya cikin rukunin libvirt. Rubuta sudo usermod -aG libvirt sannan sunan asusunki. Daga nan ki fita daga asusun ki sake shiga, don a nan yawancin mutane suke tuntuɓe. Ki kula da -a ɗin nan sosai. In kika bar shi, za a cire ki daga sauran rukunoninki har da sudo, wanda ke ba ki damar aiki da ikon root, allura ta tono garma. In ya ci gaba da gardama, duba da systemctl status libvirtd ko yana aiki. Allah ya ba da sa'a.

Wani kuma ya ce faifan kwamfutarsa ta kwaikwayo da ke cikin home (babban folda na asusunsa) yana ba shi "Permission denied", abokinsa ya ce ya buga chmod 777 kawai, ko ya riƙa buɗe manhajar da sudo.

Haba Malam! Wannan abokin naka ba zai biya ka ba ranar da abu ya ɓaci. Ma'anar 777 ita ce kowane asusu da kowace manhaja da ke cikin kwamfutar za su iya karanta fayil ɗin, su kuma sauya shi. Ga shi mutanenmu sun mayar da ita maganin kowace cuta, suna kwafo umarni daga intanet ba su san me yake yi ba. Buɗewa da sudo kuwa na iya barin fayilolin saitinka a hannun root, gobe wata manhajar ta ƙi tashi, ka ɗauki kwamfuta ka kai wa mai gyara, ya ce sai an goge komai, ka biya kuɗi kuma aikinka ya tafi. Alhali matsalar ƙarama ce: a Ubuntu da Debian, QEMU, wanda ke tafiyar da kwamfutar kwaikwayon, da asusun libvirt-qemu yake aiki, kuma tun daga Ubuntu 21.04 ake kulle home na sababbin asusu. Mayar da faifan zuwa /var/lib/libvirt/images, shi ke nan. Kuma ka sani, sa mutum a rukunin libvirt kusan miƙa masa root ne, ba kowa ake sawa ba.

Wani ya tambaya: "Nawa ya kamata in biya a sa mini VMware mai kirak?" Wato kwafin sata na wata manhajar kwamfutar kwaikwayo.

Ko kwabo. Tun 2024 Broadcom, kamfanin da ya mallaki VMware, ya mayar da VMware Workstation Pro kyauta, VirtualBox mai aiki iri ɗaya ma dama kyauta ne. Mai sayar maka da kirak, ƙila har da ƙwayar cuta zai haɗa maka gyara.

Mai shirin sayen laptop ta hannu kuwa, kafin ka miƙa kuɗi ka sa a shiga BIOS (saitin tushe na kwamfutar) a gabanka, ka ga an kunna VT-x ko AMD-V, saitin da kwamfutar kwaikwayo ke buƙata. Da yawa tsofaffin kayan ofisoshin Turai ne, wasu da kalmar sirrin kamfani a BIOS ɗin. In mai shago ya ce bai san ta ba, ajiye masa kayansa. RAM kada ya gaza 8GB, in da hali 16GB.