Shin Q10 zai warkar da ɗana mai ciwon Leigh?

Tambaya: Likita, ɗana watansa 16. Har ya fara rarrafe, sai zazzaɓi ya kama shi. Tun daga nan wuyansa ya saki, nono ma da ƙyar yake haɗiya. Daga Tawa aka tura mu Yamai, aka yi hoton ƙwaƙwalwa na IRM, aka ce ciwon Leigh ne. Ƙanena da ke Faransa zai aiko da wani maganin ƙarin kuzari, koenzim Q10. Zai warke da shi? (Wani uba daga Tawa)

Amsa: Malam, Allah ya ba yaro sauƙi, ya ƙara muku juriya kai da mahaifiyarsa.

Wani likitan Ingila, Denis Leigh, ya fara bayyana ciwon nan a 1951, kuma kusan jariri ɗaya cikin 40,000 ake haifa da shi. A cikin ƙwayoyin jikinmu akwai 'yan murhuna, mitokondiriya, masu ƙona abinci su ba da ƙarfi. Na ɗanka sun zo da tawaya ta gado: wutarsu ba ta ci sosai, hayaƙinsu kuma yana ɓata ƙwaƙwalwa. Q10 da bitamin E aikinsu rage hayaƙin ne, murhun yana nan yadda yake. A 2012 masanan Cochrane, ƙungiyar da ke tantance binciken magunguna, suka tattara gwaje-gwajen da aka yi, ba su sami tabbataccen amfani ba. Ba zan ɓoye maka ba, Q10 ba ya warkar da ciwon. Yawanci ba ya cutarwa, in likitansa ya yarda a ba shi, amma kada ka sayar da bisashenka domin sayen Q10.

Ga abin da na fi so ka riƙe. Ƙwayoyin gado fiye da 75 ke haddasa ciwon, kuma kaɗan daga cikinsu suna jin magani. Akwai nau'in da bitamin B1 haɗe da biyotin (shi ma bitamin ne) ke farfaɗo da yaro in an fara da wuri, akwai kuma wanda jikin ne ya kasa yin Q10 ɗin, a nan ne ba da shi zai iya taimakawa. Ka tambayi likitan yara a Yamai kai tsaye: an gwada masa B1 da biyotin? Ba su da tsada, kuma jinkiri a nan asara ce.

Zazzaɓi da yunwa su ne manyan maƙiyansa. Ya kwana cikin gidan sauro, a kammala masa rigakafi, in jikinsa ya yi zafi ko ya ƙi cin abinci a kai shi asibiti a ranar. In ya fara jijjiga, ku faɗi sunan ciwonsa kafin a rubuta maganin jijjiga Dépakine, domin yana iya lalata hantar wasu daga cikin yaran nan.

Ba iska ba ce, ba kuma laifin uwarsa ba ne. Ina roƙonka ka faɗa wa dangi haka da bakinka. A yawancin nau'o'in uwa da uba kowa ke ɗauke da ƙwayar ba tare da ya sani ba, musamman a auren zumunci, kuma kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu. Ku zauna da likita, ku biyun, kafin wani cikin.