Hutun mako 6 a Zanzibar da iyali: otal ko gidan haya?

Wani magidanci ya rubuto mana daga Kaduna. Yana da mata da 'ya'ya uku, babban shekararsa 11, autar kuma 4. Ya ce ya daɗe yana tari domin ya kai su Zanzibar su yi dogon hutun makaranta na Yuli da Agusta, tunda shi aikinsa ta intanet yake yi. Yana tambaya: otal zai kama ko gidan haya, kuma a wane gari?

Malam, Allah ya sanya albarka a wannan niyya. Gida za ka kama. Otal na mai kwana huɗu ne ko biyar. Mutum biyar a ɗaki biyu, ana sayen abinci safe da rana da dare har mako 6, guzurin zai ƙare hutu bai kai rabi ba, yaran kuma za su fara neman tuwon gida tun a makon farko. Gida mai kicin shi zai ba maiɗakinka damar ɗora tukunya, kai kuma ka samu inda za ka ajiye kwamfutarka. Lokacin da ka zaɓa ya yi daidai, don babbar daminarsu daga Maris zuwa Mayu take, Yuli da Agusta kuwa rani ne mai iska da ɗan sanyi. Sai dai a watannin ne baƙi ke cika tsibirin, haya ta tashi. Don haka farashin wata za ka nema, kada ka yarda a yi maka lissafin kwana-kwana.

Batun gari kuwa, ruwan teku ne zai yanke maka hukunci, kuma wannan shi ne abin da hotunan talla ba sa nunawa. A gabashin Unguja, babban tsibirin Zanzibar, wajen Paje da Jambiani, teku na janyewa sau biyu a yini, ya yi nisa har sai ka hango shi can kamar zare. Na taɓa tsayawa da hantsi a Jambiani, inda jiya da yamma ruwa ke dukan katanga, sai ga farin yashi fetal, jiragen kamun kifi a kwance a kan cikinsu, matan gari sun naɗe zannuwa suna ɗaure ciyawar teku a jikin igiya tsakanin turaku, sana'ar da suke ci da ita. Yara na bin ƙananan kududdufai suna kallon kaguwa. Ga 'yar shekara 4, babu filin wasan da ya kai wannan. A arewa kuwa, Nungwi da Kendwa, ruwa bai cika janyewa ba, ana iyo kowane lokaci, amma yana saurin yin zurfi, ga cunkoson masu yawon buɗe ido, ga kiɗa da shaye-shaye da dare. Paje ma ta matasa ce masu wasan tsere da iska a kan ruwa. Da ni ne da ƙananan yara, Jambiani zan sauka.

Ina roƙonka abu ɗaya: ruwan da ya janye yana dawowa da sauri, kuma lokacinsa na matsawa da kusan minti 50 kowace rana. Ka riƙa duba jadawalinsa kullum, kada yaro ya yi nisa shi kaɗai. Ka saya wa kowa takalmin roba mai rufe ƙafa, saboda akwai wata halitta mai ƙaya kamar bushiya da ke ɓuya tsakanin duwatsu, da rigar hana nutsewa daidai jikin kowane yaro. Waɗannan biyun kada ka yi musu ƙoro.

Kafin ka tura ko sisi, mai gidan ya zagaya da kai ta kiran bidiyo. Ya buɗe famfo ka ga ruwa na zuwa, ka tambaya ko na rijiya ne, don rijiyoyin bakin teku kan yi gishiri-gishiri. Ka ga gidan sauro a kan kowane gado. Ka tambayi wa ke sayen katin mitar wuta, wadda a can suke kira TUKUZA, da abin da ake kunnawa idan an ɗauke. Kuɗin mako ɗaya za ka fara biya, sauran sai ka shiga ka kwana ka gani da idonka.

Sannan ka bi tsari wajen kashe kuɗin. Zanzibar ɓangare ce ta Tanzaniya tun haɗewar 1964, kuma mai fasfon Najeriya ba a ba shi biza a filin jirgi, sai ya nema tun daga gida an tantance shi, abin da kan ɗauki makonni. Biza tukuna, sannan tikiti. Daga Oktoban 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorarta, dala 44 ga babba, ko da kana da wata. Kowa kuma ya riƙe katin rigakafin cutar shawara. Ka ga likita kan maganin zazzaɓin cizon sauro kafin ku tashi.

Wata uwa daga Kano ita ma tana shirin irin wannan tafiya. Tana tambayar abin da za ta ɗauka daga gida da abin da za ta saya a can, kuma hankalinta bai kwanta ba game da tarbiyyar 'ya'yanta mata.

Hajiya, ki rage kaya. Daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa da yajinki sun isa, a zuba su a robobi masu murfi, don Tanzaniya ta haramta jakar leda tun 2019. Garin masara na ko'ina, da shi suke tuƙa ugali, ɗan'uwan tuwonmu. Shinkafa, kwakwa, ayaba da ɗanyen kifi kuwa sai kin zaɓa, musamman in kin fita da sassafe lokacin da masunta ke dawowa. Kanumfari da kirfa ki bari sai kin je kasuwar Darajani a tsohon birnin Zanzibar. Ciniki ba zai ba ki wuya ba, domin da yawa daga manyan lambobin ƙidayarsu ta Swahili da namu tushensu ɗaya daga Larabci: ishirini, arobaini, hamsini, sitini. Inda za ki kula shi ne agogo. Su daga wayewar gari suke fara ƙirga sa'o'i, in direba ya ce miki "saa moja" da safe, ƙarfe 7 yake nufi.

Game da tarbiyya, damuwarki tana kan hanya, kuma ba zan ɓoye miki ba, a bakin ruwa za su ga baƙi cikin shigar da ba mu saba da ita ba. Ki yi musu bayani tun kafin ku tafi, da bakinki, cikin natsuwa. Amma da kin juya baya ga teku kin shiga cikin gari, garin Musulmi ne: kiran salla, 'yan mata da hijabi suna tafiya makarantar allo da yamma, tsofaffi a kan dakali. Yawancinsu mazhabar Shafi'iyya suke bi, za ki ji liman ya bayyana Bisimilla, a Asuba kuma an ɗaga hannu ana ƙunuti a bayyane. Ki gaya wa yaran tun da wuri cewa sallar mutanen garin ingantacciya ce. Wannan ma wani dalili ne na zama a gidan haya cikin unguwa, inda 'ya'yanki za su yi ƙawaye da 'ya'yan maƙwabta.

Wani kuma ya tambaya ko ya ɗauki hayar mota tsawon hutun. Ban ba ka shawara ba, ɗan'uwa. A hannun hagu suke tuƙi, kuma sai ka karɓi takardar izinin tuƙi ta Zanzibar ban da lasisinka. Zirga-zirgar kusa ƙafa da dala-dala, motar hayarsu, sun wadatar. Ranar da za ku dajin Jozani kallon jajayen birai ko tsohon birni cin abincin dare a dandalin Forodhani, ku yi jinga da direban tasi tun da daddare, a yanke kuɗin zuwa da dawowa kafin kowa ya shiga mota.