Ka fara duba bangon kafin ka dubi zanen

Ɗana, tambayarka ita ce me ya sa zanen wani shago yake shekaru yana nan ras, na maƙwabcinsa kuma damina ɗaya ta ɓare shi, alhali a babbar kasuwa duk suka sayi fenti. Ka kuma ce kana so ka riƙa zaga unguwa kana kallon aikin mutane. To ka zaga, amma idonka ya fara sauka a kan bangon.

In ka tsaya gaban zane, ka tambayi kanka ina bangon yake kallo. Hadarinmu a nan Maradi daga gabas yake tasowa da iska, daga Yuni zuwa Satumba, don haka bangon gabas ne ke shan dukan ruwa. Ka shiga unguwar Bagalam ko Mokoyo, ka fita unguwar Zariya, ka gwada gida ɗaya: gefen gabas ya kwaile, na yamma kuma launinsa ne kawai ya kashe saboda ranar la'asar. Daga nan ka sunkuya ka dubi gindin bango. In ka ga fari-fari kamar kanwa, damshi ne ke tasowa daga ƙasa da gishirinsa, yana ture fentin daga ciki. Duk gwanintar hannunka, abin da ka zana a wannan kamu ɗaya na ƙasa ba zai zauna ba. Ka ɗaga kai kuma ka ga inda indararo yake zuba.

Yawancin zanen da ka ga ya ɓare, gaggawa ce ta kashe shi. Sabon shafen siminti yana da zafi, yana cin fentin mai, sai ka ga ya yi ƙuraje ya saɓule. Siminti yana son kwana 28 kafin ya gama kamawa, kuma ni ba na taɓa shi kafin nan, ko mai shago zai yi fushi. Bayan haka a goge, a kakkaɓe ƙura, a yi shafen fari na farko, sannan zane. A bangon waje na fi son fentin ruwa, don yana barin damshi ya fita. Kada kuma ka yi aiki da tsakar rana a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40: saman fentin ya bushe, cikinsa ɗanye. Da sassafe ake yi, ko a bi inuwa.

Bangon ƙasa kuwa wani ilimi ne, kuma shi nake so ka girmama. Maginan dauri ba su san gwangwanin fenti ba. Suna jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, su kwaɓa ƙasar yaɓe da ruwanta don ruwan sama ya zame. Suna kuma yin laso, wato shafen da ke hana ruwa shiga, da katsin marina da gashin jima da dafara. Zanen ma da ƙasar suke tayar da shi tun tana ɗanya, dagi da takobi da allo, daga baya har keke da jirgin sama suka shiga. Da yake zanen tudu ne da kwari, rana da kanta take fito da shi, inuwar safe daban, ta yamma daban, ko babu launi. A nan Maradi ba za ka sami tsofaffin gidaje da yawa ba, don ambaliyar Gulbi ta 1945 ta ci tsohon gari, aka hauro tudu. In Allah ya kai ka Damagaram, ka ba unguwar Birni yini guda, ka dubi fuskokin zauruka da zankwayensu. Yana ci mini rai in ga an lulluɓe irin wannan bango da siminti ko fentin mai. Ƙasa da siminti ba sa riƙe juna, ruwa ya shige tsakani, wata rana shafen ya faɗo gaba ɗaya.

Launi kuma, ja mai ƙyalli shi ke fara gudu a ranarmu. Jar ƙasa da rawayar ƙasa da baƙi suna daɗewa.

Sai maganar mai kallo. Wanda muke yi wa zanen wanzami ko na tela, ko na gidan sauro a bangon asibiti, yana kan kabu-kabu ne zai wuce, kuma da yawa ba sa karanta Faransanci. Hoton ne zai yi magana. Don haka in kana kallon aikin wani, ka tsallaka titi ka dube shi daga can. In ba ka gane abin da ake sayarwa nan take ba, mai zanen ya cika ƙananan abubuwa. Kai ma haka za ka riƙa ja da baya kana aiki. Ka zana a takarda, ka raba ta gida-gida, ka buga gidajen a bango da zare da alli, sannan ka ɗauki buroshi.

Kada ka sa hannu a bangon da ba a ba ka ba, ko da kango ne. Ka gaida mai gida, in aikin babba ne a sanar da mai unguwa. Ka kuma tambaya tun farko ko ana son hoton mai rai, don gidaje da yawa a garin nan ba sa so, balle kusa da masallaci. Dagi da furanni da rubutu mai kyau sun ishe ka cika bango.

Gobe bayan asuba ka zo da littafi da fensir. Duk zanen da muka tsaya a kansa za ka rubuta inda yake kallo da irin shafensa, kafin ka kwafi komai.